Duba Birkin Motarka a Ƙofar Gida Kafin Ka Shiga Dajin Birnin Gwari

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan shekarun da ta yi a rufe saboda 'yan bindiga, motoci sun dawo kan hanyar Kaduna da ta Funtuwa. Amma wanda ya san tsakanin Buruku da Udawa, ko gefen dajin Kamuku, ya san ba wurin da mutum zai buɗe bonet ya zauna jiran bakanike ba ne. Ga ramuka, ga ƙura da rani, ga taɓo da damina, ga lodin masara da gawayi da ake ɗora wa Golf da Sharon fiye da ƙarfinsu. Duk waɗannan birki suke ci. Abin godiya, birki yakan yi ta ba da alama kafin ya ƙi, kuma yawancin alamun maigida zai iya ganewa da kansa.

1. Gwada da ƙafa tun mota na tsaye. Kafin ka tayar da inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka danne, sannan ka tayar. In ya ɗan sauka kaɗan, lafiya lau. In kana danne da shi yana nutsewa a hankali har ƙasa, robobin masta sun gaji ko kuwa mai na yoyo. In ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga.

2. Man birki, nan ne aka fi yin ganganci. Duba 'yar robar da ke cikin bonet, ka tabbata man yana tsakanin layin sama da na ƙasa. Raguwa kaɗan-kaɗan alama ce ta cewa fad ɗin birki ya fara cinyewa. Raguwa cikin kwana biyu kuwa yoyo ne: leƙa bayan kowace taya, ka nemi danshi a jikin tiyo da fayif. Kada ka zuba sai irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man nan yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma da ya tafasa sai ƙafarka ta zarce ƙasa mota na gudu. Saboda haka a sauya shi duk shekara 2, a daina amfani da ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe. Masu zuba ruwan omo ko baƙin mai don su "ƙarasa gida" suna wasa da rayukan fasinja ne: ruwa yana tafasa a digiri 100 yana kuma sa tsatsa, baƙin mai kuwa yana kumbura robobi har su lalace.

3. Saurara. Ƙara mai tsini in ka taka, fad ya kusa ƙarewa. Gurzar ƙarfe da ƙarfe, ya riga ya ƙare yana cin dis. In sitiyari na karkarwa, dis ya lanƙwashe. In mota na fizga gefe guda, ko wil ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya, birkin wannan ɓangaren ya maƙale.

4. Sauya fad ba ya gagarar mai jak da sufana. Tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa duwatsu a tayoyi, ka tokare motar da katako mai kauri. Kada ka taɓa sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In naman fad bai wuce milimita 3 ba, cire shi, kuma dama da hagu tare ake sauyawa. Goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura, domin illa ce ga huhu. Kada maiƙo ya taɓa fuskar fad. Bayan ka ɗaure, taka birki har ya yi tauri kafin ka motsa, don takun farko fanko yake zuwa. Wajen saye kuma, ko a Panteka ta Kaduna ko a tasha, arha ba ta ado a nan.

5. Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Uwargida ko babban yaro ya taka sau uku ya riƙe, kai ka sassauta notin da ke bayan taya, iska da mai su fita, ka ɗaure kafin ya ɗaga ƙafa. Fara da tayar baya ta dama, sai ta hagu, sannan na gaba. Kada ka bari robar mai ta ƙafe.

6. In ka ratsa ruwa da damina, riƙa taɓa birki a hankali kana tafiya har ya bushe. A gangara da lodi, koma ƙaramar giya, inji ya riƙe motar.

7. In birki ya ƙi a hanya, Allah ya kiyaye, taka da sauri-sauri, ka rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu sannu a hankali. Kada ka kashe inji, domin birki da sitiyari za su ƙara tauri.

8. Masta, fashewar fayif da fitilar ABS da ta ƙi mutuwa aikin gareji ne. Motar da ke yoyon man birki kada ta bar gari, ko da ranar kasuwa ce kuma fasinja sun cika. Direbobinmu da shugabannin tasha, don Allah a sauke lodin a gyara tukuna.