Kafin kwalta ta iso ƙauyenmu

'Yan'uwa, a yawancin ƙauyukan da muka zauna da jama'a don jin buƙatunsu, batun hanya ne ke fitowa da wuri. Akwai dalili. Mai naƙuda tana bukatar isa asibiti, doya da tumatir kuma suna bukatar isa kasuwa kafin su lalace. Don haka ba mu zo hana kowa neman kwalta ba. A darasin wannan fitowa za mu bi sawun kayan da ake yin ta da su, mu ga hayaƙin da jigilarsu ke bari a sama.

Abin da muke takawa a titi ba baƙin mai zalla ba ne. Cikin kashi 100, kusan 95 tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Kashi 5 kawai ne baƙin man da ke haɗa su, wanda ake samu wajen tace ɗanyen man fetur. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen yin wannan mai, amma ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Akwai shi kwance a ƙasa a Agbabu ta Jihar Ondo, ba a kai ga haƙo shi da yawa ba. Saboda haka yawancinsa daga waje ake sayowa, jirgin ruwa ya sauke a tashar teku, tanka ta ɗauko zuwa arewa.

Bari mu yi lissafi na kwatanci. Titi mai tsawon kilomita 1, faɗin mita 7.3, kaurin santimita 5, zai ci kwalta tan 870 ko kusa da haka. Dutse da yashi tan 830 ke nan, baƙin mai kuma wajen tan 44. A ce tifa tana ɗaukar tan 20, wurin fasa dutse kuma yana da nisan kilomita 50. Sawu 42 za ta yi. In kowane zuwa da dawowa ya sha lita 35 na dizal, an ƙone lita 1,470. Kowace lita ta dizal tana fitar da kilo 2.7 na iskar kabon, wadda ke riƙe zafin rana a sama tana kawo ɗumamar duniya. Kusan tan 4 ke nan.

To, baƙin man fa? Tanka biyu sun isa. Amma daga Legas zuwa Jos ko Kano tafiyar kilomita 1,000 ce ko kusa, kuma tankar za ta koma wayam. In kowace ta sha lita 800, an ƙone lita 1,600, fiye da abin da tifofin nan suka sha gaba ɗaya. Ɗan kashi 5 ɗin nan ya kamo kashi 95 saboda nisa kawai. Ba mu ma sa man jirgin ruwa ba, ko wutar da ake hurawa don ɗumama kayan su kai zafin digiri 150 zuwa sama, wadda sau da yawa ta fi jigilar cin mai.

Jirgin ƙasa ya fi mota sauƙin hayaƙi a kan kowane tan, amma wannan magana ce ta hukuma. Abin da ke hannunmu shi ne tsawon ran titin. Titin da ruwa ya cinye cikin shekara uku, sai an sake kwaso duk kayan nan daga farko, da hayaƙinsu da kuɗinsu. Mun ga inda aka shimfiɗa kwalta mai kyau, amma magudanar ruwa ta toshe da shara, damina biyu suka gama da ita. Laifin ɗan kwangila ne, har da namu.

Idan aikin hanya ya zo yankinku, dattawa da shugabannin mata da matasa su zauna da masu aikin. Ku tambaye su daga ina za a kawo dutse, ko akwai wanda ya fi kusa kuma mai inganci. Ku tambaya ko za a kankare tsohuwar kwalta a sake amfani da ita, domin ana yin haka a ƙasashe da yawa. Ku nemi a nuna maku inda kwalbati da magudana za su zauna, sa'an nan ku tsayar da ranar da za ku riƙa yashe su kafin ruwan farko ya sauka.