Like ko As: Ina Bambancin Yake?

'Yan uwa ɗalibai, kalmar "kamar" tana ɗaukar nauyi mai yawa a Hausa, shi ya sa idan muka zo rubuta Turanci sai mu rasa wadda za mu ɗauka tsakanin like da as. Malaman darasin Turanci na GST a nan Jami'ar Maiduguri ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan, haka ma masu duba takardun WAEC da NECO.

Abin mamaki shi ne, Hausa ta riga ta raba mana gardama. Idan "kamar" ce kaɗai, suna ko wakilin suna ya biyo ta, to like ce. "Falmata tana Hausa kamar Bakanuwa" zai zama Falmata speaks Hausa like a Kano woman. Idan kuwa "kamar yadda" ce, wato jimla mai aikatau ta biyo baya, sai a ɗauki as: "Yi kamar yadda na faɗa" shi ne Do as I said.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen "a matsayin", domin nan ma as ce. Ɗauki wanda ya gama bautar ƙasa, ya rubuta a takardar neman aiki, I worked like a teacher in Biu. Abin da ya faɗa shi ne ya yi aiki irin na malami, amma shi ba malami ba ne! Da ya rubuta as a teacher, da ya nuna cewa aikin da ya riƙe ke nan. Kalma ɗaya ta rushe masa shekara guda ta wahala.

Sai kuma "ya kai". "Modu ya kai Audu tsayi" yana buƙatar as har sau biyu: Modu is as tall as Audu. Like ba ta da gurbi a nan.

Za ku ji Amurkawa a fina-finai suna cewa like I said. A 1954 wani tallan sigarin Winston ya sa like a gurbin as, masana nahawu a Amurka suka yi ta ce-ce-ku-ce. A hira ya wuce, amma a ra'ayina kada ɗalibi ya kai shi cikin kundin digirinsa, domin mai dubawa zai iya ja masa jan layi.