Alamar Hular Soja da Aka Gada: Yadda Ake Gane Ta da Adana Ta

Wani mai karatu daga Gidan Goga, ƙasar Maradun, ya aiko da tambaya game da alamar tagulla mai siffar itacen kwakwa da ya tarar cikin akwatin marigayi kakansa, wanda ya yi yaƙin Boma. Abin da ya dame shi kuwa shi ne bayanta ya saɓa da na wata da ya gani a Talata Mafara, har zuciyarsa ta raya masa ko tasu jabu ce.

Malam, kwantar da hankalinka, domin saɓanin da ka gani ba hujjar jabu ba ne. Wannan alama ta Rundunar Afirka ta Yamma ce, wadda Lugga ya aza harsashinta a 1897, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 1928. Saboda haka in ka ga haruffan RWAFF a gindin itacen, to bayan wannan shekara aka ƙera ta. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ɗebi samari daga ƙasar Sakkwato da sauran lardunan Arewa, aka kai Runduna ta 81 da ta 82 Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Boma har suka kama Myohaung a Janairun 1945, bukata ta yawaita ƙwarai, maƙera daban-daban suka yi aikin, shi ya sa wata bugun inji ce mai tsabtar zane, wata kuwa zubi ce mai nauyi da kaushin baya.

Hanyar maƙalawa ma iri biyu ce mashhura. Wata tana da kunnuwa biyu a baya, waɗanda ake cusawa cikin hula a zura musu tsinke mai baki biyu. Wata kuma tana da harshe guda miƙaƙƙe da ake sokewa a jikin hular. Duba gindin kunnuwan da kyau: in launinsu ya tsufa daidai da jikin alamar, asali ne, in ka ga dalma mai haske, an yi gyara daga baya.

Nasihata gare ka ita ce kada ka goge ta da toka ko yashi ko lemun tsami, domin dushewar nan shaidar shekarunta ce. Kada kuma ka bari a huda ta, ko a sake mata kunnen da ya karye. Share ta da busasshen ƙyalle, ka naɗe ta cikin farin sawaye, ka nisanta ta daga laimar damina. Mafi muhimmanci, tun da alamar ba ta ɗauke da sunan kowa, wajibi ne ka haɗa ta da takardar sallama da lambobin yabo in suna nan, sa'an nan ka zauna da dattawan gida tun suna raye, ka rubuta sunan kakanka da lambarsa da bataliyarsa, domin tagulla a kasuwa ake samunta, amma labarin mai ita in ya salwanta ba mai mayar da shi.