Kafin Ku Rufe Ƙofar: Wasiƙa ga Matasan Funtuwa da Malumfashi

Ƙannena, samari da 'yan matan Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Dandume.

Idan kaka ta yi, masara da waken suya suka shiga buhu, ba mai adalcin da zai ce saurayin da ya kwashe damina a sunkuye bai cancanci daren raha da abokansa ba. Ni ba na cikin masu ganin duk dariyar matashi lalacewa ce. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani salon hira da birane suka ɗauka: abokai su yi karo-karo su kama ɗaki, su rufe ƙofa, su ƙure sauti, su yi ta miƙa wa juna makirfo har dare ya raba. A Legas da Abuja akwai gidajen da sana'arsu ke nan, gidajen karoke, ana biya awa-awa. A wajenmu ba sai an kafa allo a bakin titi ba. Ɗakin otal da aka kama don bazday, ko ƙuryar shago mai sifika da tukunyar shisha, duk aikinsu ɗaya. Hukuncin kiɗa da waƙa na bar wa malamai. Ni maganata a kan ƙofar nan ce da ake rufewa, domin ita ke mayar da hira ta zama haɗari, ko da duk waɗanda ke ciki 'ya'yan kirki ne.

Abin daga Japan ya fito. A 1971 wani makaɗi a birnin Kobe, Daisuke Inoue, ya haɗa na'urar da ake jefa wa kwabo ta saki kiɗa ba murya, mutum ya ɗora tasa. Da farko a gaban jama'a ake yi. Sai a shekarun 1980 aka koma ƙananan ɗakuna, saboda gidajensu a matse suke, maƙwabta na ƙorafin hayaniya, mai kunya kuma ba ya son baƙo ya ji muryarsa. Dalilai ne masu ma'ana. Amma ku duba abin da hana sauti fita yake bukata: a toshe taga, a lulluɓe bango da soso, a sa ƙofa mai kauri. A watan Janairun 2007 gobara ta kashe matasa 3 a irin wannan gida a garin Takarazuka na Japan, inda aka riga aka toshe tagogin bene. A Biyetnam mutum 13 suka mutu a birnin Hanoi a 2016, sannan a watan Satumban 2022 wata gobarar ta ci rai 32 a lardin Binh Duong. Soson da ke shanye sauti yana saurin kamawa ya turnuƙe da hayaƙi mai guba, kiɗan da ake morewa kuma shi ke hana a ji ihun na waje.

To ku dawo gida ku ƙare wa namu ɗakin kallo. Ƙofa ɗaya ce, an sa sakata. Tagar an danne ta da kwali ko labule mai kauri don kada unguwa ta ji. Janareto na ruri a bayan bango ko a lungun shiga, an jawo waya ɗaya an ɗora mata sifika da fanka da cajar mutum takwas, ga gawayin shisha yana ci a tsakar ɗaki. Hayaƙin janareto da na gawayi suna ɗauke da wata iska da ba ta da launi ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, shi kuwa sai ya ɗauka gajiya ce ya kishingiɗa. Iyalai da dama a Nijeriya an wayi gari an tarar da gawarwakinsu ta wannan hanya. Idan a Japan, da duk dokokinta na gini, an rasa rayuka, wa ya duba ɗakin da kuke shiga?

Sai dai haɗarin da ya fi damuna ba na wuta ba ne. Kakanninku ba waliyyai ba ne, sun yi dandali, sun yi gaɗa a farin wata, sun yi kalankuwa bayan girbi, kalangu na tashi har wani ƙauye. Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa ya rasu a 1999, a tsakiyar taro yake waƙa, kowa na ganin kowa. An yi ɓarna a wancan zamanin ma, ba mai musu. Amma wasan yana da shaidu. Akwai sarkin samari, akwai yayan yarinya a gefe, akwai tsohuwar da ke zaune a ƙofar gida tana ganin wanda ya zo da wanda ya tafi. Idon nan ba don tsare mai ƙarfi aka yi shi ba. Wanda yake karewa shi ne mai rauni a cikin taron: ƙaramin cikinsu, da yarinyar da ƙawa ta jawo, da wanda ba ya son abin da aka miƙo masa amma yana jin nauyin a ce masa ɗan ƙauye. A fili, wanda bai gamsu ba sai ya sulale ya tafi gida. A ɗakin da aka kulle, tashi ka zare sakata a gaban abokai bakwai jarumta ce da ba kowa ke da ita ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. Ku tambayi kanku a hannun wa yaro yake fara kurɓa. Ba dila ke tare shi a hanya ba, aboki ne ke miƙo masa robar lemo da aka riga aka gauraya, a wurin da ba mai cewa kai, bari.

Na san abin da za ku ce: idon gari ya yi yawa, ba ka isa ka yi dariya da ƙarfi ba sai an kai wa mahaifinka, mutum kuma yana da haƙƙin sirrinsa. Gaskiya ne, gulma ta kori matasa da yawa daga fili, laifin manya ne kuma. Amma ɗakin nan sirri ne? Kowa ya shiga da waya a hannu. Ana cikin waƙa wani ya ɗauka, da safe ya ɗora a WhatsApp, ko ya ajiye sai ranar da aka ɓata. Bidiyon daƙiƙa 30 ya isa a fasa baiko, kuma kun san a ƙasar nan wa ke biyan bashin: saurayi a ce ƙuruciya ce, yarinya ta ɗauki tabon har ɗakin mijinta. Ƙofar ta hana shigowar wanda zai tsawata muku cikin rufin asiri, ta bar wanda zai tona ku yana zaune a ciki.

Hujjarku ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta tsaro. Yankin da ya ga kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a watan Disambar 2020, ya ga an katse layukan waya a Funtuwa da Bakori da Malumfashi a 2021, ba za a zarge shi ba idan ya ce zaman waje da dare ya fita daga ransa. Amma daren ba a ɗaki yake ƙarewa ba. Dole a fito, a hau babur da ƙarfe ɗaya ko biyu, wani ma ya kama hanyar ƙauye. Kuma tunda hirar ta ɓoye ce, an ce wa gida ana wajen aboki ko ana karatu. Idan wani abu ya faru, awannin farko da ake iya ceto mutum a cikinsu za su tafi wajen nemansa inda ba ya nan. Rashin tsaro dalili ne na a taru da wuri, a cikin gari, a inda aka sani.

Batun kuɗi ba zan ja shi ba. Wanda ke sayar da awa kullum yake samu, manomi kuwa sau ɗaya a shekara, kuma buhun da ya narke a watan Nuwamba shi ne takin da za a ciwo bashi a kansa a watan Yuni.

Ga iyaye da hukumomi masu ganin maganin shi ne a hana komai, ina da ja. Hisbar Katsina da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA suna iya rufe wurin da ya kafa allo, amma ba za su leƙa kowace ƙurya ba. Duk lokacin da aka rufe fili ba a buɗe wani ba, hirar ba ta mutuwa, lungu take komawa, inda ya fi duhu. Garin da ke son 'ya'yansa su fito sai ya ba su inda za su tsaya: gidan kallon ƙwallo mai tsari, filin dambe da kokawa, ɗakin taron da ƙungiyar matasa za ta iya ara ba tare da dogon roƙo ba.

Ku kuma kada ku jira. Sifika da makirfo yanzu ba su fi ƙarfin karo-karon abokai ba. Mai kunyar murya ba sai ya tsaya a kasuwa ba, zauren gidan ɗayanku ya isa, muddin mutanen gidan sun san kuna nan kuma ƙofa a buɗe take. 'Yan mata su yi tasu a cikin gida tare da ƙawaye. Idan kuma tafiya ta kai ɗayanku Kaduna ko Abuja aka ja shi gidan karoke, ya faɗa wa wani nasa inda yake da lokacin da zai fito, ya duba hanyar fita ta biyu da inda janareto yake kafin ya zauna, kada ya sha abin da ba a gabansa aka buɗe ba. Wanda ya ce zai tafi a bar shi ya tafi, kada a tsare shi da zolaya, ɗaya daga cikinku ma ya raka shi har ya samu abin hawa.

Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nomanku. Wassalam.