Kwandalar Ƙasar Waje: Yadda Za Ka Gane Mai Daraja

Wanda ya dawo daga Makka ko Dubai yakan tarar da 'yan sulalla a ƙasan jaka, ya ajiye su da fatan wata rana su yi tsada. Mafi yawansu ba sa wuce abin da aka rubuta a jikinsu, domin miliyoyi ake bugawa.

Fara da duba shekara. Santi 10 da santi 25 na Amurka na 1964 zuwa baya, kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Fararen sulallan Ingila na 1920 zuwa 1946 kuwa rabinsu azurfa ne.

Sai yawan da aka buga. Kwandalar fens 50 ta Kew Gardens, wadda Ingila ta fitar a 2009, guda 210,000 kacal aka yi, shi ya sa masu tarawa ke rububinta.

Kowace kwandala ka samu, don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, gugar tana karya mata daraja. Nemi irinta a shafin intanet na Numista, sannan ka duba shafin eBay ka ga nawa aka saya, domin kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne ciniki ba.