Kuɗin ƙarfen da ke hannunmu da nisabin zakka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, akwai masu zaton cewa dala ashirin, saboda farinta, azurfa ce. Wannan zato yana shafar zakka, don haka ya wajaba a warware shi.

A zamanin Annabi (SAW) Larabawa ba su buga kuɗi. Dinarin zinariya daga Rum yake zuwa, dirhamin azurfa daga Farisa, kuma Alƙur'ani ya ambaci ɗaya a Ali Imrana, ɗaya a suratu Yusuf. Sai a shekara ta 77 bayan hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutun Larabci zalla, ba hoton sarki, nauyinsa giram 4.25. Dirhami kuwa ya kusa giram 3. A kan waɗannan ne Risala ta kafa nisabi: dinari 20, wato giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, wato giram 595 na azurfa, a fitar da ɗaya cikin arba'in in shekara ta kewayo.

To kuɗinmu na sefa fa? Bankin BCEAO, mai hedkwata a Dakar, shi ke fitar da su, amma ba a Dakar ake buga su ba, balle Yamai. Gidan buga kuɗi na Faransa ke wannan aiki, a masana'antarsa ta garin Pessac kusa da Bordo, wadda aka buɗe a 1973. Tsofaffin dala, dala biyu da dala biyar, masu ruwan ɗorawa, tagulla ce aka garwaya da alminiyam. Dala goma tagulla ce da nikel, dala ashirin nikel. Daga baya aka koma ga baƙin ƙarfe a shafe shi da nikel, don ya fi araha. Dala arba'in da dala ɗari, masu launi biyu, sun fito a 2003. Mai shakka ya kusantar da mayen ƙarfe ga dala ashirin: za ta manne, azurfa kuwa ba ta mannewa.

Darajarsu ke nan ba a jikinsu take ba, hukuma ce ta aza ta, kuma wanda ya ga 1994, da aka rage darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, ya san haka. Saboda haka ba a auna su a ma'auni, kuma nisabin bara ba hujja ba ne bana. Ranar da shekararka ta cika, ka je wurin maƙerin zinariya ka tambayi farashin giram, ka ninka shi sau 85. Wasu malamai da azurfa suke ƙiyasi, don ta fi amfanar talaka, nisabinta ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Wassalamu alaikum.