Darasi na 14: Zaɓen Kifin Kiwo da Neman Gwani

Ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin akwatin gilashi cike da ruwa a talabijin ko a waya, kifaye masu launi suna iyo a tsakanin wasu abubuwa masu kama da furanni. Sunan waɗannan abubuwa murjani. Ko da yake yana kama da dutse ko tsiro, murjani halitta ce mai rai da ke zaune a cikin teku. Mazauninsa mafi girma a duniya yana kusa da gaɓar Ostareliya, tsawonsa kuwa ya kai kimanin kilomita 2,300.

A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani a cikin gida. Aikin yana da wuya, domin sai sun haɗa ruwan gishiri irin na teku, sun kunna fitila ta musamman, sun kuma bar injin motsa ruwa yana aiki dare da rana. Saboda haka gwanayensu sukan ba sabon shiga shawara biyu. Ta farko, ya zaɓi irin da ya dace da burinsa da ƙarfin aljihunsa, ya fara da murjani mai laushi, wanda ya fi juriya. Ta biyu, ya nemi wanda ya riga shi a harkar, ya koya a hannunsa.

Unguwar Karmo da ke Abuja tana nesa da teku, kuma wutar lantarki takan ɗauke, don haka kiwon murjani zai yi mana tsada ƙwarai. Abin da ake kiwo a yankinmu shi ne kifin ruwan daɗi, a kwamin siminti ko tankin roba ko na tamfol. Amma waɗancan shawarwari biyu suna da amfani a gare ka idan kana sha'awar wannan sana'a.

Kafin ka sayi ko da kifi ɗaya, tambayi kanka: me nake nema? Idan burinka sayarwa ne ga masu dafa farfesu, tarwaɗa ce ta dace da kai. Tana da juriya, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iska a saman ruwa. Idan ta sami abinci mai kyau, takan kai nauyin kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6. Idan kuma masu banda za ka sayar wa, ba sai ta kai wannan girma ba, kana iya kwashe ta da wuri. Sai dai tarwaɗa tana da hali guda: babba takan cinye ƙarama. Dole ne ka riƙa ware manya daga ƙanana, in ba haka ba ka zuba 500 ka kwashe abin da bai kai rabi ba.

Karfasa kuwa tana cin ganye da dusa, amma ba ta jure gurɓataccen ruwa kamar tarwaɗa. Tana da saurin haihuwa, uwar ma a bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Idan aka haɗa maza da mata, sai kwami ya cika da 'ya'ya, girma ya tsaya. Shi ya sa masu kiwonta don kasuwa suka fi son maza zalla. Idan kuwa ado kawai kake so a ɗaki, ƙananan kifayen ado a akwatin gilashi sun wadatar.

Bayan buri, sai ka duba abin da ke hannunka. Abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa. Wanda ya kashe jarinsa duka wajen sayen 'ya'yan kifi, zai wayi gari ba shi da abin ciyar da su. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gara ka fara da 100 ka ciyar da su sosai, da ka tara 1,000 yunwa ta kashe su.

Yanzu sai batun gwani. Tun da can, ɗan masunci a wurin mahaifinsa yake koyon jefa taru, ba a littafi ba. Kiwon kifi ma haka yake. Gwani ne zai nuna maka launi da warin ruwan da ya isa canji. Shi zai gaya maka cewa kifi yakan rage cin abinci a lokacin hunturu, kuma ragowar abinci takan ɓata ruwa. Shi zai koya maka ajiye ruwan famfo ya kwana kafin ka zuba wa kifi, domin maganin da ke cikinsa ya fita.

A ina za ka same shi? Kasuwar kifi ta Kado ba ta da nisa da Karmo. A can za ka ga irin kifin da masu saye suka fi so, ka kuma ji sunayen masu kiwo na kusa. Don neman ilimi mai zurfi, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja, kusa da Tafkin Kainji. Ka kula, ba duk mai sayar da 'ya'yan kifi ne malami ba, wani cinikinsa kawai yake nema. Zaɓi wanda ya daɗe yana kiwo, wanda kuma zai bar ka ka ga kwaminsa da idonka, domin gani ya kori ji.

Idan ka je wurinsa, ka yi sallama, ka gaishe shi da ladabi: "Sannu da aiki, Baba. Na zo ne in koyi sana'a a hannunku." Ka taya shi wanke kwami da ɗiban ruwa, ka riƙe littafi kana rubuta abin da ya faɗa. Kada ka ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Ma'anar Kalmomi

Gwani: wanda ya ƙware a wani aiki.
Kwami: wurin tara ruwa da aka gina da siminti.
Banda: busar da kifi ko nama da hayaƙi.
Jari: kuɗin da ake fara sana'a da su.
Juriya: iya daure wahala.

Tambayoyi

1. Waɗanne shawarwari biyu ake ba sabon mai kiwon murjani?
2. Me ya sa ake ware manyan tarwaɗa daga ƙanana?
3. Don me masu kiwon karfasa suka fi son maza zalla?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Aiki

Ziyarci wani mai kiwon kifi a unguwarku tare da wani babba daga gidanku. Yi masa tambayoyi uku da Hausa, sannan ka karanta wa 'yan ajinku amsoshinsa.